Sake kallon Derry Girls: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan amsoshi ne ga tambayoyin da suka fi yawan tasowa a kan shirin barkwanci mai dogon zango na Derry Girls, musamman daga waɗanda suka taɓa kallonsa kuma suke tunanin komawa kansa. An bayyana abubuwan da suka faru a labarin har zuwa ƙarshensa, saboda haka wanda bai taɓa gani ba kuma ba ya son a riga shi, gara ya kalla tukuna kafin ya karanta.

Wane irin shiri ne wannan, kuma su wa labarin ya shafa?

Shiri ne da tashar Channel 4 ta Birtaniya ta fara nunawa a watan Janairun 2018, ta kuma kammala shi a watan Mayun 2022, bayan zango uku masu kashi 19 gaba ɗaya. Lisa McGee ce ta rubuta shi, kuma ita kanta 'yar birnin Derry ce da ke Ireland ta Arewa, inda ta girma a shekarun 1990, lokacin da aka gina labarin a kansa. Yawancin kashi-kashin ba su kai rabin awa ba, sai na ƙarshe da ya fi sauran tsawo.

Matasa biyar ne jigon labarin. Akwai Erin, mai burin zama marubuciya kuma mai ganin kanta ta fi kowa wayewa, da Orla, 'yar 'yar'uwar mahaifiyarta, wadda take rayuwa cikin tata duniyar. Akwai Clare, hazikar ɗaliba mai yawan fargaba, da Michelle, marar tsoro mai kaifin baki. Na biyar shi ne James, ɗan 'yar'uwar mahaifiyar Michelle, wanda ya taso a Ingila, aka kuma sa shi a makarantar 'yan mata ta Katolika saboda ana gudun abin da samarin garin za su yi wa yaro mai harshen Ingilawa idan ya shiga tasu makarantar. Shugabar makarantar, Sista Michael, tana daga cikin waɗanda masu kallo suka fi ƙauna, kuma Siobhán McSweeney, wadda ta fito a wannan matsayi, ta sami lambar yabo ta BAFTA, wato ta fina-finai da talabijin ta Birtaniya, a kansa a 2023, shekarar da shirin kansa ya ci lambar barkwanci.

Wane amfani ke cikin sake kallon barkwanci bayan an riga an san abin dariyar?

A kallo na farko hankalin mutum yana kan saurin maganar ne, domin 'yan wasan suna jefa zance a kan zance ba tare da jiran mai kallo ya gama dariya ba. Sai a karo na biyu ne ido yake samun sararin duba abin da ke bayan mai magana: fuskar Clare a lokacin da ake hirar samari, talabijin da ke kunne a falo ana karanta labarin wani hari, sojan da ya hau motar ɗalibai da bindiga a hannu alhali 'yan matan ba su ma katse hirarsu ba. McGee ta ɓoye nauyin labarinta a irin waɗannan wurare, kuma a ganina wanda ya kalli shirin sau ɗaya rabinsa kawai ya gani.

Abu na biyu shi ne sanin ƙarshe yana canza ma'anar farko. Wanda ya san abin da Clare za ta bayyana a kashi na shida zai ga kashi biyar na farko da wani ido dabam, kuma wanda ya san rashin da za ta yi a zango na uku ba zai sake ɗaukar ɗan bayyanar iyayenta a matsayin abin cike gurbi ba.

Dole ne sai an san tarihin rikicin Ireland ta Arewa kafin a fahimci shirin?

Ana iya jin daɗinsa ba tare da wannan sani ba, amma ɗan taƙaitaccen bayani yana buɗe abubuwa da yawa. Daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa 1998, yankin ya yi fama da rikici tsakanin masu son ya ci gaba da zama cikin Birtaniya, waɗanda akasarinsu Furotesta ne, da masu son ya haɗe da Jamhuriyar Ireland, waɗanda akasarinsu Katolika ne, ga kuma sojojin Birtaniya da ƙungiyoyi masu ɗauke da makamai na ɓangarorin biyu. Fiye da mutum 3,500 ne suka rasa rayukansu. Birnin Derry yana tsakiyar wannan tarihi, domin a can ne sojojin Birtaniya suka buɗe wuta a kan masu zanga-zanga ranar 30 ga Janairun 1972, mutum 13 suka mutu a ranar. Hatta sunan birnin abin jayayya ne, wasu na cewa Derry, wasu na cewa Londonderry, kuma daga wanda mutum ya zaɓa ake gane ɓangarensa.

Shirin ya jingina da abubuwa uku na haƙiƙa. Na farko shi ne tsagaita wutar da IRA, ƙungiya mai ɗauke da makamai ta masu son haɗewa da Jamhuriyar Ireland, ta sanar a ƙarshen watan Agustan 1994, na biyu ziyarar da shugaban Amurka Bill Clinton ya kai Derry a watan Nuwamban 1995, na uku kuma ƙuri'ar raba gardama a kan yarjejeniyar zaman lafiya ta 1998. Sai dai marubuciyar ba ta mayar da yaran 'yan siyasa ba. A kashi na farko an dasa bam a kan gada, kuma abin da ya dami gidan su Erin shi ne yadda hakan zai ɓata wa kowa shirinsa na ranar. Duk wanda ya taɓa zama a garin da shingen bincike ya zama ruwan dare zai gane cewa wannan ba rashin tausayi ba ne, haka mutane suke rayuwa idan tashin hankali ya daɗe.

Yaya aka gabatar da batun Clare, kuma me ake gani a kallo na biyu?

A kashi na ƙarshe na zango na ɗaya, Erin ta karɓi ragamar mujallar makaranta, ta rasa abin bugawa, sai ta ci karo da wani rubutu marar suna da wata ɗaliba ta shigar a gasa, inda ta bayyana cewa mata take so. Sista Michael ta hana a buga, Erin ta buga duk da haka, tana ɗaukar kanta mai fafutukar 'yancin faɗin albarkacin baki, makaranta kuwa ta ɗauka da tsegumin ko wace ce wannan 'yar madigo. Daga nan Clare ta ja Erin gefe ta gaya mata cewa ita ce ta rubuta.

Abin da ya biyo baya shi ne, a ganina, wuri mafi gaskiya a duk shirin. Erin, wadda ta yi ta tutiya da goyon bayan wata baƙuwar da ba ta sani ba, ta kasa jure jin cewa aminiyarta ce. Ta nuna ƙyama, ta nemi Clare ta janye maganar, har ta ɗauka cewa ita Clare ke so. An rubuta wurin da ban dariya, amma wanda ya sake kallo ya bar fuskar Erin ya dubi ta Clare zai ga yarinyar da ta zaɓi mutum ɗaya tak a duniya ta gaya wa sirrinta, mutumin kuma ya ba ta kunya. Nicola Coughlan, wadda ta fito a matsayin Clare, ta yi wannan wuri da kamewa, alhali a sauran shirin an san Clare da kururuwa da rawar jiki.

Fargabar Clare ma tana samun wata fassara a karo na biyu. Tun kashi na farko ita ce mai tsoron hukunci, mai saurin tona asirin ƙawayenta da zarar an tsare su a ofishin shugaba, mai son kowa ya shaida cewa ita yarinyar kirki ce. Shirin bai taɓa cewa ɓoyon da take yi ne ya jawo wannan hali ba, kuma bai kamata a ɗora masa abin da bai faɗa ba, amma yana da wuya mai kallo na biyu ya kasa haɗa su a ransa.

Sulhun ya zo ba tare da dogon jawabi ba. A wasan nuna bajinta na makaranta, Orla ta hau dandamali tana motsa jiki da kiɗa, ɗalibai suka fara yi mata dariya, sai sauran huɗun suka tashi don kare ta, suka hau suka taya ta rawa, Erin da Clare a tare. A daidai wannan lokaci ne kyamara take komawa gida, inda manya suka yi cirko-cirko a gaban talabijin ana ba da labarin wani bam da ya hallaka mutane, kuma kakan Erin, Joe, wanda ya shafe zangon yana muzanta surukinsa Gerry, mahaifin Erin, ya ɗora masa hannu a kafaɗa.

Martanin Erin ya yi daidai da yadda abubuwa suke a wancan zamani?

Ya yi daidai, wataƙila ma an sassauta. A Ingila da Wales an cire hukunci a kan mu'amalar jinsi ɗaya tsakanin maza tun 1967, amma a Ireland ta Arewa sai a 1982, bayan Kotun Turai ta Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta yanke hukunci a 1981 a ƙarar da Jeffrey Dudgeon, mutumin Belfast, ya shigar. Jamhuriyar Ireland ba ta yi hakan ba sai a 1993, kuma auren jinsi bai halatta a dokar Ireland ta Arewa ba sai a watan Janairun 2020, wato bayan an riga an nuna zango biyu na shirin. Al'umma ce mai riƙo da addini a ɓangarorin biyu, kuma wannan batu na daga cikin ƙalilan da shugabannin Katolika da na Furotesta suka yi tarayya a kansu. Yarinya 'yar shekara 16 a makarantar coci a farkon shekarun 1990 tana da dalili mai ƙarfi na ɓoye sunanta a kan wancan rubutu.

Akwai masu cewa shirin ya sauƙaƙa wa Clare fiye da kima, tunda ba a nuna an kore ta ko iyayenta sun juya mata baya ba. Wannan magana tana da tushe, sai dai barkwanci ne mai ƙasa da rabin awa, kuma marubuciyar ta zaɓi ta auna abu ɗaya kawai, wato abin da abokai za su yi.

An ci gaba da labarin nata a zango na biyu da na uku?

An ci gaba, amma a hankali, kuma a nan ne nake ganin shirin ya gaza kaɗan. Daga zango na biyu duka biyar ɗin suna maƙale da ƙaramin bajo mai launin bakan gizo a rigunansu, alamar goyon bayan masu son jinsi ɗaya, babu wanda ya tsaya yin bayani a kai, kuma mutane da yawa sai a kallo na biyu suke lura da shi. A kashin bikin rawar makaranta, Erin ta yi alkawarin raka Clare don kada ta tafi ita kaɗai, sannan ta saɓa alkawarin da ta hango damar tafiya da wani saurayi, abin da ke nuna cewa gyaran halinta bai kammala a rana ɗaya ba.

Sai a kashi na shida na zango na uku ne Clare ta haɗu da wata budurwa mai suna Laurie, suka sumbaci juna a daren bikin Halloween, kuma 'yan mintoci bayan haka Gerry ya iso da labarin cewa an kwantar da mahaifinta a asibiti, inda ya rasu. Masu kallo da dama sun ji zafin yadda aka haɗa farin cikinta na farko da babban rashinta a dare ɗaya, kuma ina tare da su a kan cewa Laurie ta zo a makare, ba a kuma ba ta lokacin zama cikakkiyar mutum ba. Wani ɓangare na dalilin shi ne aikin ɗaukar wannan zango ya ci karo da wani shirin da Coughlan take yi, shi ya sa ake yawan ganin Clare ita kaɗai nesa da sauran. Duk da haka, fitowar abokan huɗu suna tafe tare da ita a bayan gawar mahaifinta tana daga cikin abubuwan da suka fi tsaya wa mutum a rai.

Ina matsayin soyayya a shirin, musamman tsakanin Erin da James?

Soyayya tana nan, amma kullum a bayan abota take. Alamarta ta farko da ba ta da shakka tana cikin kashin bikin rawa, lokacin da saurayin da Erin ta zauna jira bai zo ba, James kuma ya fasa zuwa wani taron da ya daɗe yana ɗoki ya zo ya raka ta. A zango na uku, a wani tsohon gida a yankin Donegal, ya furta mata abin da ke ransa. Michelle ta gan su ta ƙi amincewa, kuma dalilinta ba na wasa ba ne: idan suka rabu, za a tilasta mata zaɓa tsakanin ɗan'uwanta da aminiyarta. Erin ta ja da baya, James ya ce zai jira, kuma shirin ya ƙare ba tare da ya yanke hukunci a kansu ba. Wanda ya koma farko da wannan sani zai riƙa tsintar ƙananan kallo da kulawa tsakaninsu tun kafin su kansu su gane.

Me ya sa ake ta ɗaukar James a matsayin mai son maza alhali ba haka ba ne?

Wannan zolaya ce da ta ratsa zango na ɗaya, inda manya da yara suke yanke masa hukunci saboda laushin maganarsa da kasancewarsa namiji tilo a cikin mata, shi kuma yana ta musantawa ba mai saurare. Har akwai inda ɗaya daga cikin iyaye mata ta nuna cewa zamansa Ba'ingile ya fi damun ta a kan wancan zato. A karo na biyu zolayar tana ɗaukar wani nauyi, domin duk lokacin da ake yin ta Clare tana tsaye a wurin tana ji, kuma kowa ya zuba ido a kan wanda ba shi ba ne. Shi kuwa James nasa neman na samun wurin zama ne, wanda ya kai ƙarshe a ranar ziyarar Clinton, lokacin da mahaifiyarsa ta zo ta tafi da shi Ingila, ya sauka a hanya ya dawo yana shelar cewa shi ma ɗan cikin 'yan matan Derry ne.

Turancinsu yana da wuyar ji, mece ce mafita?

A kunna rubutun da ke fitowa a ƙasan allo. Karin harshen Derry yana da sauri, cike yake da kalmomin gida, kuma hatta masu kallo a Ingila da Amurka da yawa da rubutun suke bi. Bayan kashi biyu ko uku kunne yana sabawa.

Shiri ne da za a kalla da yara ko a gaban iyaye?

Ba na ƙananan yara ba ne. Akwai ashar da yawa, musamman a bakin Michelle, akwai shan giya da zancen jima'i a baki, akwai kuma wasa da al'amuran coci, kamar kashin da yaran suka yi iƙirarin ganin mutum-mutumin Maryamu yana hawaye don su kauce wa jarrabawa. Ba a nuna tsiraici ba, kuma abin da aka nuna a aikace game da Clare bai wuce sumba guda ba.

Masu karatu da yawa addininsu da tarbiyyarsu suna da matsayi bayyananne a kan madigo, kuma ya kamata su sani tun farko cewa shirin yana tare da Clare ɗari bisa ɗari, bai ɗauki halinta a matsayin laifi ba. Mutum shi ya san abin da zai shigar gidansa. Abin da zan iya shaida shi ne tambayar da labarin ya ɗora a gaban mai kallo ta shafi amana ce, wato yadda za ka yi da wanda kuka tashi tare idan ya gaya maka abin da ba ka so ji ba, kuma ana iya ɗaukar wannan tambaya da muhimmanci ko da ba a yarda da amsar marubuciyar ba.

Idan lokaci bai isa a sake kallon duka ba, waɗanne kashi ne suka fi cancanta?

Na ɗaya da na shida a zango na farko, sai na biyar da na shida a zango na biyu, sannan biyun ƙarshe a zango na uku. Zan ƙara da kashin farko na zango na biyu, inda aka haɗa 'yan matan Katolika da samarin Furotesta a wani sansanin sada zumunta, aka ce su rubuta a allo abin da ya haɗa su da abin da ya raba su, allon bambanci ya cika maƙil, na kamanceceniya kuwa ya zauna fayau.

Me ya sa kashi na ƙarshe ya fi sauran nauyi?

Saboda a nan ne aka daina ajiye siyasa a bayan fage. Labarin ya tsallaka zuwa 1998, Erin da Orla suna shirin bikin cika shekara 18, wato sun isa jefa ƙuri'a, Clare kuma ta koma garin Strabane da mahaifiyarta. Yarjejeniyar da aka sa wa hannu ranar 10 ga Afrilun wannan shekara ta tanadi sakin fursunonin ƙungiyoyi masu ɗauke da makamai, kuma a nan ne mai kallo yake jin cewa Michelle tana da wa mai suna Niall da ke kurkuku saboda kisan kai. Erin ta ce bai kamata a saki irinsu ba, suka yi faɗan da ya fi duk na baya tsanani, domin wannan karon babu wanda za a ce shi ne mai cikakkiyar gaskiya. Wanda ya sake kallon shirin da sanin Niall zai fahimci kaifin bakin Michelle da rashin son nuna rauninta ta wata fuska.

Erin ta kai kokwantonta wurin kakanta, tana tsoron a amince kuma abin ya ƙi aiki, shi kuma ya juya mata tambayar ya ce ta yi tunanin idan ya yi aiki fa. An yi ƙuri'ar ranar 22 ga Mayun 1998, kashi 71 cikin ɗari na masu zaɓe a Ireland ta Arewa suka amince, kuma shirin ya nuna mutanensa ɗaya bayan ɗaya a rumfar zaɓe, daga Sista Michael har zuwa yaran da aka fara gani suna gardama a motar makaranta. Bayan haka akwai ɗan gajeren ƙari da aka yi a birnin New York na wannan zamani, inda Chelsea Clinton, 'yar Bill Clinton, da kanta ta fito tana karɓar wasiƙar da yaran suka rubuta mata tun lokacin ziyarar mahaifinta, wadda ta ɓace a gidan waya fiye da shekara ashirin.